Awa 48 Muna Bin Inuwa

Jirgin ƙasa ya tashi da ni a daren Alhamis, ina rungume da jakar da na zuba kwamfutata a ciki, da caja, da doguwar igiyar wuta mai bakin soket huɗu, da bargo, da wani littafin rubutu wanda na riga na cika rabinsa. Birnin da na nufa ban taɓa sa ƙafa a cikinsa ba, kuma abin da zai kai ni shi ne gasar haɗa wasannin kwamfuta da manhajojin waya, irin wadda ake kira hakaton, inda ake tara mutane a wuri ɗaya, a ba su jigo guda, a ce su fito da abin da ke aiki kafin awa 48 su cika. Shekarata uku ina koyon rubuta kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta ta bi, ni kaɗai a ɗaki, na fara wasanni da dama, amma ban taɓa kai ko ɗaya ƙarshe ba, balle in miƙa wa wani ya taɓa. Shi ya sa da na ga sanarwar ban tsaya dogon tunani ba.

Abin da ke cikin littafin nan tsarin wani babban wasa ne da na daɗe ina mafarkinsa, na wani matafiyi da zai ratsa garuruwa goma, kowane gari da mutanensa da labarinsa da taswirarsa. Na san sarai cewa ba a faɗin jigo sai an hallara, amma na ƙudurta a raina cewa duk jigon da aka ba mu zan lanƙwasa shi ya shiga cikin tsarina. Wani dattijo da ke zaune a kujerar da ke fuskantar tawa ya ga ina ta rubutu a ƙarƙashin 'yar fitilar jirgi, sai ya ce, "Samari, jarrabawa za ka je rubutawa ne?" Na ce, "A'a Baba, gasa ce ta masu haɗa wasan kwamfuta, kwana biyu ake ba mu." Ya ɗan yi shiru yana kallon shafukan da na cika, sannan ya ce, "Duk wannan a kwana biyu?" Ya gyara zama ya koma barcinsa, ni kuwa tambayar ta hana ni runtsawa har gari ya waye.

Irin wannan taro ba yau aka fara shi ba. Kalmar hakaton haɗin kalmomi biyu ne na Turanci, ɗaya tana nufin sarrafa kwamfuta cikin dabara, ɗayar kuma gudun fanfalaki, kuma ta fara yawo ne a 1999, shekarar da masu haɗa manhajar OpenBSD su goma suka haɗu a birnin Kalgari na Kanada don su yi aiki tare ido da ido. Masu wasanni su ma suna da nasu. Ludum Dare ta faro a 2002, kuma mahalarta ne ke jefa ƙuri'a su zaɓi jigo da kansu. Nordic Game Jam ta biyo baya a 2006 a Kofanhagan ta ƙasar Denmak. Sai Global Game Jam da aka soma a 2009, wadda ake yi a ƙarshen mako ɗaya a wurare masu yawa a faɗin duniya, duka a kan jigo ɗaya. Tamu ba ta kai waɗannan girma ba, amma a kan sawunsu take, sai dai ta buɗe ƙofa biyu: wanda ya so ya yi wasa, wanda ya so ya yi manhajar amfanin yau da kullum.

Na sauka da hantsin Juma'a, na taka da ƙafa daga tasha zuwa wata kwaleji da aka ara wa taron babban zaurenta. An jera dogayen tebura, igiyoyin wuta sun mamaye ƙasa an danne su da salatif don kada a yi tuntuɓe, a bango kuma an rataye wani ƙaton agogo wanda lambobinsa suka tsaya cak a kan 48, yana jiran a sake shi. A bakin ƙofa kowa ana ba shi kati ya rataya a wuya, launin katin ne ke nuna sana'arsa, masu kod daban, masu zane daban, masu sauti daban. Masu kod mu ne muka fi yawa nesa ba kusa ba, saboda haka duk mai zanen da ya shigo sai ka ga idanu sun bi shi. Ni dai sa'a ce ta haɗa ni da ƙungiyata, domin igiyar wutar da na zo da ita ce ta jawo mutum uku suka zauna kusa da ni: wata mata mai zane da ta girme mu duka, wadda muka riƙa kira Yaya, da wani matashi mai haɗa sauti da ba ya raba kunnensa da abin sauraro, da wani ɗalibin lissafi wanda ya ce bai taɓa haɗa wasa ba amma yana son ya ga yadda ake yi.

Da ƙarfe biyar na yamma aka kashe fitilu, kalma ɗaya ta bayyana a kan farin allo: inuwa. Agogo ya fara ja da baya. Zauren ya kaure da surutu, ni kuma na buɗe littafina na shiga bayyana musu yadda matafiyina zai riƙa hutawa a inuwa a kowane gari. Yaya ta saurare ni har na dasa aya, ta juya shafukan a hankali, sannan ta ce, "Ƙanena, wannan aikin shekara biyu ne, kuma inuwar da ka sa a ciki liƙa ta ka yi. Idan aka cire ta, wasan bai rasa komai ba." Maganar ta yi mini zafi, domin gaskiya ce. Na rufe littafin na tura shi can ƙasan jaka.

A nan na fara ganin amfanin jigo. Da farko na ɗauka shinge ne da aka kafa don a takura mu, ashe shi ne yake hana mutum zuwa da tsohon aikinsa ya yi wa sauran fintinkau, kuma shi ne yake tilasta wa ƙwaƙwalwa barin hanyar da ta saba bi. Wasan Surgeon Simulator, wanda daga baya ya zagaye duniya, an fara haɗa shi ne cikin awa 48 a Global Game Jam ta 2013, shekarar da jigon ya kasance sautin bugun zuciya. Baba Is You kuma, na Arvi Teikari ɗan ƙasar Finlan, ya fito ne daga Nordic Game Jam ta 2017, inda jigon yake nufin abin da ba ya nan, sai ya gina wasa wanda dokokinsa kansu tubala ne da ake turawa a sauya ma'anarsu. A duka biyun jigon shi ne ƙashin bayan wasan, ba ado ne da aka yaɓa a kai ba, kuma abin da Yaya take nufi ke nan.

Mun shafe kusan awa uku muna rubuta shawarwari a 'yan takardu muna mannawa a tebur muna cirewa. Mai sauti ya kawo shawarar wasan ban tsoro inda inuwar mutum ke bin sa, muka leƙa teburan da ke kusa muka tarar ƙungiyoyi biyu sun riga mu. Can sai ɗalibin lissafi, wanda tun ɗazu bai ce uffan ba, ya ɗauki biro ya kafa shi a tsaye a kan tebur, ya kunna fitilar wayarsa ya riƙa zagaya shi da ita ta sama. Inuwar biron ta miƙe, ta gajarce, ta koma ɗaya ɓangaren. Ya ce, "Me zai hana mai wasa ya bar motsa mutum, ya riƙa motsa rana?" Dukanmu muka yi tsit muna kallon biron. Tsarin ya fito a cikin minti goma: wata 'yar halitta tana so ta ƙetare fili mai zafi, ba ta iya taka ko'ina sai inda inuwa take, tana tafiya da kanta duk lokacin da ta ga inuwa a gabanta, shi kuma mai wasa aikinsa ya ja rana a sararin sama har inuwoyin bango da duwatsu da bishiyoyi su haɗu su zama hanya.

Mun zaɓi injin Godot, wato manhajar da ake gina wasanni da ita, wadda Juan Linietsky da Ariel Manzur 'yan Ajantina suka saki kyauta ga kowa a 2014, saboda ba ta da nauyi kuma tana iya fitar da wasa a buga shi a burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ba sai an sauke komai ba. Lissafin inuwa kuwa ɗalibin ya rubuta mini shi a layi ɗaya: tsawon inuwa shi ne tsayin abu a raba shi da wani ma'auni na kusurwar rana da ake kira tanjent. Idan rana tana kan digiri 45, inuwa daidai take da tsayin mai ita. A digiri 30 ta kusa ninki biyu. A digiri 10 ta haura ninki biyar da rabi. Kafin tsakar dare muna da akwatuna masu launin toka a kan allon kwamfuta, da wani da'ira mai ruwan ɗorawa da ake ja da yatsa, da inuwoyi masu miƙewa da janyewa. Babu kyau ko kaɗan a ido, amma mun kwashe lokaci muna jan ranar nan gaba da baya ba don komai ba sai don daɗin kallo, kuma wannan ne ya tabbatar mana mun kama wani abu.

Na kwanta a kan bargona a gefen zaure wajen ƙarfe uku, na tashi kafin bakwai. Wasu ba su runtsa ba sam, kuma da rana ta yi sai ka gan su sun ƙura wa kwamfuta ido hannu ba ya motsi. A ganina rashin barci a irin wannan gasa asara ce da ake yi wa kallon jarumtaka, domin kuskuren da gajiyayyen kai ya shuka cikin minti ɗaya yakan ci awa biyu kafin a tono shi.

Asabar ita ce ranar tangarɗa. Ta farko ta zo ne da mai sauti ya ja rana har ta taɓa ƙasa, sai allon gaba ɗaya ya yi baƙi, wasan ya daskare. Na bi kod ɗin layi bayan layi ban ga komai ba, sai da ɗalibin ya leƙo ta kafaɗata ya nuna mini cewa idan rana ta sauka daidai gefen ƙasa kusurwarta sifili ce, tanjent ɗinta ma sifili, mu kuwa muna raba tsayi da shi, ga shi ba a raba lamba da sifili. Inuwar ta zama marar iyaka. Maganin layi ɗaya ne, muka hana rana sauka ƙasa da digiri 10 ta kowane ɓangare. Ta biyu ta fi ɓoyewa: a kwamfutata 'yar halittar tana tafiya a natse, a ta Yaya kuwa gudu take kamar an koro ta. Dalili shi ne na rubuta ta riƙa matsawa taku ɗaya duk lokacin da aka sabunta hoto, alhali allona yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, nata kuma sau 144. Dole sai an ninka saurin da ainihin lokacin da ya wuce tsakanin hoto da hoto, sannan tafiyar ta zama ɗaya a kowace na'ura. Na sha karanta wannan ƙa'ida, amma sai ranar ta zauna mini, gani ya kori ji.

Ta uku laifina ce ni da mai sauti. Muna ajiye aikin ne da Git, manhajar da Linus Torvalds ya rubuta a 2005 don mutane da yawa su iya aiki a kan kod ɗaya, kowa da nasa kwafin, daga baya a haɗe. Sai ya zamana mun gyara fayil ɗaya a lokaci ɗaya ba tare da ɗayanmu ya sanar da ɗan'uwansa ba, kuma wajen haɗewa na yi gaggawa na zaɓi nawa, aikin da ya yi na awa biyu ya ɓace daga wasan. Ya cire abin sauraronsa ya ajiye, ya fita waje bai ce komai ba. Na yi zaton daga nan ba za mu ƙara shan inuwa ɗaya ba. Da ya dawo na tare shi na ce, "Ɗan'uwa, ka yi haƙuri, ni na jawo." Muka zauna tare muka bi tarihin ajiya, muka tarar Git bai zubar da komai ba, duk abin da ya taɓa ajiyewa yana nan, muka dawo da shi cikin kwata. Daga lokacin duk wanda zai taɓa fayil sai ya ɗaga murya ya faɗa.

Da la'asar na zaga zauren don in miƙe ƙafa, na sha mamakin yadda kalma ɗaya ta rarrabu. Wata ƙungiya ta masu manhaja tana gina abin da zai faɗa wa mai tafiya a ƙasa wane gefen titi ne ke da inuwa a wannan sa'a, ta amfani da tsayin gine-gine da matsayin rana. Wata kuma ta fassara inuwa da sawun da mutum yake bari a intanet, tana haɗa manhajar da za ta nuna maka irin izinin da ka bai wa manhajojin wayarka. Akwai wasu da na tarar har yanzu suna gardamar abin da za su yi, agogo kuwa ya cinye rabi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne da daren Asabar. Cikin masu ba da shawara akwai wani malami mai furfura da ke yawo tsakanin tebura hannu a baya. Na ce, "Malam, ko za ku duba mana?" Ya ce, "Ba ni zan duba ba, ɗana. Ku kirawo wanda bai san komai a kansa ba, ku zaunar da shi, kuma kada wani cikinku ya buɗe baki ko ya miƙa hannu." Muka roƙi wata yarinya daga ƙungiyar masu manhajar titi. Ta zauna, ta kalli allon, ta sa yatsa a kan 'yar halittar ta ja, ba ta motsa ba. Ta danna kibiyoyin madannai, shiru. Rubutun bayani da na ɓata awa guda ina tsarawa yana nan a saman allo, ko kallonsa ba ta yi ba. Ina tsaye a bayanta ina jin maganar tana taso mini har maƙogwaro, Malam ya dafa kafaɗata. Kusan minti guda tana lalube, sannan ta juyo ta ce, "Ya lalace ne?" Ranar da muka kwana muna ja, wadda muke ganin ita ce komai, a idonta ado ce kawai a saman allo.

Malam bai ba mu magani ba, ya dai ce mu tambayi kanmu inda idonta ya fara sauka. Yaya ce ta warware. Ta share rubutun bayanin gaba ɗaya, ta sa 'yar halittar ta riƙa ɗaga kai tana kallon rana idan ta tsaya, ta sa ranar ta riƙa ɗan kumbura tana sacewa kamar mai numfashi, mai sauti ya ƙara wani siririn amo da ke tashi da zarar yatsa ya kusance ta. Ni kuma na sake gina matakin farko ya zama bango ɗaya tak da gajeren fili, yadda ko yaya ka taɓa rana sai inuwa ta motsa. Muka kirawo wani baƙon. Idonsa ya sauka a kan halittar, ya bi kallonta zuwa sama, ya sa yatsa a kan rana. Da inuwar ta miƙe halittar ta taka, sai ya yi 'yar dariya ya gyara zama. A shekara ukun da na yi ina rubuta kod ban taɓa jin abin da na ji a wannan lokacin ba.

Mun tsara matakai goma sha biyu, muka ƙare da biyar, kuma yanke bakwai ɗin nan da safiyar Lahadi shi ne shawara mafi kyau da muka yi. Na ukun shi na fi so. Yaya ta zana wata bishiya mai dogon jiki siriri da ganye a can ƙololuwa, ta yadda inuwarta ba ta faɗowa a gindinta sai can nesa, kuma duk wanda ya zo wurin yakan fara neman inuwa a kusa da bishiyar kafin ya lura cewa dole ya kwantar da rana ya jefa ta gaba. Da na ga zanen na ce mata ai wannan inuwar giginya ce, na nesa ka sha ta, kuma sunan da muka sa wa matakin ke nan.

Rana ba ta ƙarya. Da agogo ya nuna saura awa biyu muka daina ƙara komai, muka fitar da wasan muka ɗora shi, muka buɗe shi a wayoyi uku daban don mu tabbata yana tashi. Teburin da ke bayanmu sun jira sai saura minti goma, kowa kuma a lokacin yake ɗora nasa, intanet ya yi nauyi, na ga ɗayansu ya dafe kai da hannu biyu. Ƙarfe biyar aka ce a ɗage hannu. Kowace ƙungiya aka ba ta minti uku a gaban alƙalai, mu kuwa maimakon dogon jawabi sai muka miƙa wa ɗaya daga cikinsu wayar muka koma gefe muka yi shiru, kamar yadda Malam ya koya mana. Ya wuce mataki biyu, ya maƙale a na giginya har lokaci ya ƙare, da aka ce ya miƙo wayar sai ya ce a ɗan dakata masa. Manhajar titi ce ta zo ta ɗaya, kuma ta cancanta, domin ko a ranar ana iya fita da ita waje a yi amfani da ita. Mu an ambaci sunanmu cikin waɗanda suka fi riƙe jigo.

Na naɗe igiyar wutata, muka yi musayar lambobi, Yaya ta ce in tura mata jerin matakai bakwai da muka yanke kafin mako ya zagayo. Jirgin komawa na yammacin Litinin ne, na sami kujera a bakin taga ta ɓangaren gabas. Rana tana gangarawa ta ɗaya gefen, inuwar jirgin tana gudu a kan gonaki tare da mu, turakun wuta kuma suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da inuwarsa kwance a ƙasa ta ninka tsayinsa wajen sau uku, abin da ke nuna rana ta sauko ƙasa da digiri 20. Na ciro littafin daga ƙasan jaka, na tsallake shafukan garuruwa goma, na buɗe sabon shafi na zana turaku huɗu a jere da fili a tsakaninsu, na rubuta mataki na shida a samansa.